MUN SAUKI DUNIYA A YAMAI, INA RABON DAMARGU?

Zuwa ga rassanmu na Tanut da Balbeji, da Bakin Birji da Gangara, da Olelewa da Falanko da Tanhiya, da duk ƙauyen da wannan takarda ta isa. A karanta ta da ƙarfi a gaban taro, domin wanda bai yi lakwal ba ya ji da kunnensa.

'Yan'uwa talakawa, labari ya iso mana daga rassa dabam-dabam cewa wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a rumfunan kasuwa da wuraren shan shayi, watau gardamar manyan wasannin samari na ƙasashe waɗanda Nijar ta sauka a 2005 da 2015 da 2019. Wasu na cewa ɓarnar dukiya ce kurum, matalauci ba shi da abin haɗi da biki. Wasu kuma na cewa duk wanda ya ɗaga murya a kan yadda aka yi abin, to maƙiyin ƙasa ne. Har mun ji a wani reshe dattawa biyu sun daina gaisawa a kan wannan magana. To, ga matsayinmu, za mu faɗe shi dalla-dalla, wanda zai ji haushi ya ji. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

ABIN DA YA FARU

Ran 7 ga Disamba 2005 aka buɗe Wasannin Farankofoni na biyar a Yamai, a babban filin Janar Seyni Kunce, aka rufe su ran 17 ga wata. Farankofoni ita ce ƙungiyar ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Kafin mu, Maroko ta sauki waɗannan wasanni a 1989, Faransa a 1994, Madagaska a 1997, Kanada a 2001. Ku dubi jerin nan da kyau, sa'an nan ku ga sunan wanda ya biyo bayan Kanada. Samari da 'yammata kimanin 2,500 suka zo, cikin tawaga fiye da 40, daga Afirka da Turai da Asiya da ƙetaren teku. Aka yi tsere da tsalle, da ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando, da dambe da judo. Aka yi gasar waƙa da rawa da tatsuniya da zane da sassaƙa. Kokowarmu ta gargajiya ita ma ta shiga fili, baƙi suka ga yadda ɗan kokowa ke shigowa da layunsa da kirarinsa, makaɗa na binsa. Aka gina unguwa guda don masaukin baƙi. Kwana goma sha ɗaya aka yi, aka tashi lafiya, kowa ya koma gidansu.

Bayan shekara goma, daga 15 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris 2015, Yamai ta sauki gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta yara 'yan ƙasa da shekara 17. Ƙasa takwas suka kara, Mali ta ɗauki kofi bayan ta ci Afirka ta Kudu 2 da nema. Kada wani ya ce muku wasan yara ne. A ƙarshen wannan shekara aka yi gasar duniya ta 'yan wannan shekaru a Cile, kuma ƙasa biyun da suka kai wasan ƙarshe, Nijeriya da Mali, duka biyun sun taka ciyawar Yamai 'yan watanni kafin nan. Cikin yaran Nijeriya akwai Victor Osimhen, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2023.

Sa'an nan cikin Fabrairu 2019 aka yi ta 'yan ƙasa da shekara 20. A wannan karo aka raba wasannin tsakanin Yamai da Maraɗi, mutanen Maraɗi suka ga Sanigal da Mali da Gana da Burkina Faso da idonsu. Mali ta sake ɗaukar kofi, ta kayar da Sanigal a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Wannan shi ne lissafin. Yanzu sai mu juya ga mutanen da muke da magana da su, gama kashi biyu ne.

GA 'YAN BA-ZA-MU-IYA-BA

Kashi na farko su ne waɗanda in an ce Nijar za ta yi wani abu, sai su taɓe baki tun ba a fara ba. A 2005 sun ce za mu kunyata, ruwa zai yanke, wuta za ta ɗauke, baƙi za su gudu. Da aka gama lafiya ba mu ji ko ɗaya daga cikinsu ya fito ya ce ya yi kuskure ba.

Mun san inda aka shuka wannan cuta. Shekara sittin ɗan mulkin mallaka ya yi yana cusa mana cewa baƙar fata ba ya iya shirya kome, aikinsa ɗaukar kaya da biyan haraji da ginin bariki a aikin tilas. Kumandan ya tafi a 1960, amma ya bar muryarsa a bakin waɗansu 'ya'yan ƙasa. In ka ji mutum yana cewa mu ba kome ba ne, ka saurara da kyau, za ka ji takun takalmin kumandan a ƙarƙashin maganarsa.

Muna tambayarsu, wa ya share filayen? Wa ya tuƙa motocin baƙi, wa ya dafa abinci, wa ya kwana a tsaye yana gadi cikin sanyin Disamba? Magina da direbobi da ma'aikatan asibiti da 'yan lakwal na ƙasar nan ne. Kuɗin taimako ya shigo daga waje, ba mu musa ba, amma kuɗi ba ya share fili da kansa. Mai raina wannan aiki yana raina gumin ɗan'uwansa talaka ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Suna kuma cewa wasa ba ya cika ciki. Gaskiya ne, amma ku tambayi duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani a Kano ko Sabha ko Tamanrasat, ya san zafin a tambaye shi sunan ƙasarsa ya faɗa, a ce ba a san ta ba, ko a haɗa ta da maƙwabciya. A 1972 Isaka Dabore ya ɗauko lambar tagulla a dambe a wasannin Olimfik na Munik, aka ɗaga tutarmu a gaban duniya. Muka jira shekara 44 kafin Abdul Razak Isufu Alfaga ya ɗauko ta azurfa a Riyo a 2016, a wasan taikwando, sa'an nan ya zama zakaran duniya a 2017. A wannan shekara ta 2017 kuma yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17 suka je gasar duniya a Indiya karo na farko, suka ci Koriya ta Arewa 1 da nema, suka haye zagaye na biyu. Shekara biyu kurum ke nan bayan ƙannensu da yayyensu sun ga gasar Afirka a ƙofar gida. Yaron da ya ga abu da idonsa shi ke cewa ni ma zan iya. Gani ya kori ji.

Saboda haka muna faɗa ba da shakka ba: saukar baƙin duniya abin alfahari ne, kuma alfaharin na makiyayin Tanhiya ne kamar yadda yake na minista. Ba za mu bar wa kowa shi ba.

GA 'YAN RUFA-RUFA

Kashi na biyu sun fi na farko haɗari, domin su da tutar ƙasa suke lulluɓa. Su ne masu shafa farar ƙasa a bangon da ke fuskantar hanya, su bar cikin gida yana zuba. A wurinsu kishin ƙasa shi ne baƙo ya yaba, ko da ɗan gida ya kwana da yunwa.

Mutanen Damargu, ku ne shaidu. Wace shekara ce 2005 a nan? Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka a kan abin da ya rage. Hukuma da kanta ta lissafa giɓin hatsi kimanin tan dubu 223, ga kuma rashin ciyawa a makiyaya. Kafin bazara ta ƙare rumbuna sun zama kango. Buhun gero ya doshi jika talatin. Tunkiyar da a da take sayen buhu ta koma ba ta cika ƙwarya 'yan tiya kaɗan. Shanu suka yi ta faɗuwa a bakin rijiya, mahauta na saye a wulaƙance. Mata suka shiga daji neman anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita a ba yara. Mutum kimanin miliyan uku abin ya shafa a faɗin ƙasa, kuma jahar Damagaram tana cikin inda ya fi tsanani.

A cikin wannan hali, cikin Janairu 2005, aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari da ruwan famfo da wutar lantarki. Sai da jama'a suka rufe kasuwanni da kantuna a Yamai da Damagaram da Maraɗi da sauran garuruwa cikin watan Maris, kafin gwamnati ta ja da baya a kan mafi yawansu cikin Afrilu. Aka yi ta sayar da hatsi da rangwame ga mutanen da ba su da ko dala, ba a fara rabon kyauta gadan-gadan ba sai cikin Agusta. A wannan wata ne Kofi Annan, babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zo Damagaram da kansa ya ga yara a wurin jinya. A wannan wata ne kuma shugaban ƙasa na lokacin, Tanja Mamadu, ya gaya wa 'yan jaridar Ingila cewa babu yunwa a ƙasar. Likitocin agaji na ƙungiyar MSF kaɗai sun yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a wannan shekara.

Wata huɗu bayan haka aka kunna fitilu a filin Seyni Kunce.

Ba mu ce da an fasa wasanni da gero ya sauko daga sama ba. Kuɗin bikin ko an raba shi tiya-tiya ba zai toshe wannan rami ba. Abin da muke tuhuma shi ne hali. Hukumar da ta san ranar zuwan baƙi shekaru kafin su zo, ta kafa kwamiti, ta tsara kowane gado da kowane cokali, ita ce aka gaya wa tun kaka cewa rumbun talaka ba zai kai damana ba, ta tsaya jayayya a kan ko sunan abin yunwa ne ko ƙarancin abinci. Ashe dai an iya shiri in an ga dama! Ashe mota na iya isa a kan lokaci, ashe ma'aikaci na iya kwana a ofis! To, me ya hana a yi wa ɗan Gangara irin shirin da aka yi wa ɗan Kanada? Hausawa sun ce baƙonka annabinka, mun yarda. Amma ba mu taɓa jin sun ce ka yanka wa baƙo rago ka bar uwarka da anza ba.

In mun faɗi haka sai su ce muna tona asirin ƙasa. Haba! Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Duniya ta riga ta ga hotunan yaranmu tun watan Yuli. Wanda ya faɗi gaskiya don a gyara ya fi mai shafa farar ƙasa ƙaunar gidan, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga kuma ƙarshen rufa-rufa. Filin nan da muke taƙama da shi, wanda Sinawa suka gina aka buɗe shi a 1989, mai ɗaukar mutum dubu 35, an bar shi ya lalace har hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ce bai cika sharuɗɗa ba. Cikin Yuni 2022 Mena ta sauki Tanzaniya a Kwatano. Cikin Maris 2023 ta sauki Aljeriya a Tunisiya. Cikin Nuwamba 2024 ta lallasa Sudan 4 da nema, amma a Lome aka yi, talakan Nijar bai samu ya yi sowa a filinsa ba. Ƙasar da ta sauki tawaga fiye da 40 ta koma aron zaure don ta sauki baƙo ɗaya. Haka abin yake in an yi gini don idon baƙo, ranar da baƙo ya tafi ake manta tsintsiya.

LISSAFIN DAMARGU

Yanzu bari mu buɗe namu littafi. Tun kafin Bature ya san hanyar nan, geron Damargu ne ke ciyar da Abzin. Da shi ayari ke ɗora wa raƙuma zuwa Faci da Bilma, su komo da gishiri da dabino. Shi ya sa ake kiran ƙasar nan rumbun hatsi. A wannan yanki aka haifi Kawusan, wanda ya tsare sojan Faransa a Agadas daga Disamba 1916 har Maris 1917. Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani da Larabawa suna cin kasuwa ɗaya a nan, suna shan rijiya ɗaya. Babu wanda zai koya mana kishin ƙasa.

A zamanin nan kuma, matatar man fetur ta ƙasa, wadda aka buɗe cikin Nuwamba 2011, mai tace ganga dubu 20 a rana, a ƙasar Olelewa take, cikin gundumar Tanut. Motar da ta ɗauki 'yan wasa daga masauki zuwa fili a 2015 da 2019, daga ina manta ya fito? Dabbobin da ake lodi a kasuwanninmu zuwa kudu, harajinsu wace jaka yake shiga? Mun biya kuɗin bikin nan kamar kowa.

Me muka samu? Daga Tanut zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita dubu. Wasannin 2005 duka a Yamai aka yi su, na 2015 ma haka. A 2019 aka leƙa Maraɗi, muka yi murna, gama ya nuna ana iya fita daga babban birni in an so. Amma ko Damagaram, wadda ta riƙe hedkwatar ƙasa har 1926, ba ta ga wasa ɗaya ba, balle mu da ke arewa da ita. Bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi ya zo Damagaram a 2018, aka gyara birni aka kira shi Sabuwa, madalla. Takobin kokowa, wanda gasarsa ta fara a Tawa a 1975, shi ma yana zagaya manyan biranen jahohi takwas. Duk zagayen nan a babban birnin jaha yake tsayawa. Balbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ku 'yan reshen Balbeji, ku fita ku ƙirga mana abin da aka gina wa samarinku tun daga ran nan, ku aiko mana da lissafin, za mu buga shi a nan yadda yake.

Mu dai abin da idonmu ke gani da la'asar a bayan gari shi ne yara ba takalmi suna bin ƙwallon da aka ɗinke sau goma, an kafa icce biyu a matsayin raga, ana tsayar da wasa in garke zai wuce. Muna ganin yaron da ke bin raƙumi da gudu daga rijiya zuwa ruga bai yi haki ba, ba wanda ya taɓa riƙe masa agogo. Muna ganin saurayin da ke kayar da kowa a dandali bayan girbi, da kaka ta wuce sai ya hau bayan babbar mota a tashar Tanut, ya nufi Agadas, daga can sai Jado wajen haƙar zinariya ko Libiya. Wasu sun komo da abin hannu, wasu sun komo da ciwo, wasu har yau iyayensu mata na tambayar direbobi. Kowane ɗaya daga cikinsu tuta ce da ba a ɗaga ba. Wannan ita ce asarar da babu wanda ya rubuta a littafin kwamiti.

YANZU FA?

A Yamai aka haifi Farankofoni. Ran 20 ga Maris 1970 ƙasa 21 suka sa hannu a kan takardar kafa ta, Diori Hamani na cikin iyayen gidan tare da Senghor na Sanigal da Burgiba na Tunisiya. Cikin Maris 2025 Nijar ta ba da sanarwar fita daga ƙungiyar, kuma a wannan wata dokar ƙasa ta sabuwar tafiya ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Sojan Faransa kuwa tun Disamba 2023 suka kwashe kayansu.

Wasu na tambaya, to tun da mun fita, ashe sai mu goge 2005 daga tarihi? A'a. Mai gida ne ya yi karamci, ba mai katin gayyata ba. Gumin da aka zuba namu ne, yabon da aka samu namu ne, babu wanda zai tafi da shi a jaka. Amma akwai darasi a ciki. Wasan da aka tsara a Paris, aka ƙayyade wanda zai zo da harshen da za a yi magana da shi, kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Yanzu da muka mayar wa mai riga rigarsa, tilas mu ɗinka tamu. In kuwa muka tsaya a kan kirari kurum, muka sauya sunayen tituna muka bar yaron Falanko da iccensa biyu, to mun sauya wa rufa-rufa harshe ne, daga Faransanci zuwa Hausa. Talaka ba zai yarda da wannan ba, mu ma ba za mu yarda ba.

Muna son ƙasarmu ta sake saukar samarin Afirka, har da na duniya. Muna son ranar da za a yi haka a ga ɗan Damargu cikin masu sanye da rigar ƙasa, a kuma ga an kawo wasa Damagaram, motoci su cika hanyar Tanut da masu zuwa kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zakaran da za a ɗaga wa tuta nan da shekara goma, yau yana ajin farko ko yana bayan awaki.

ABIN DA MUKE NEMA

1. Kowace gunduma ta samu fili mai katanga da ruwa da fagen kokowa, a fara da Tanut da Balbeji. Kowane gari mai babbar kasuwa a yanke masa fili a rubuce, a kafa alama, kada a wayi gari an sayar da shi fuloti-fuloti.

2. Duk ran da ƙasar nan za ta sake neman saukar wata gasa, a karanta lissafin kuɗin a rediyo cikin harsunan ƙasa, kafin biki da bayan biki. A ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga wanda ya karɓi kwangila.

3. Ga kowace jika da za a kashe a filin babban birni, a ware rabo sananne na gundumomi, a kuma ware kuɗin gyara na kowace shekara, kada mu sake aron zauren maƙwabta.

4. Daga abin da matatar mai ke biya, a fitar da kason samarin ƙasar da take zaune a kai, a faɗi adadinsa a fili.

5. A mayar da wasan motsa jiki a lakwal da gaske, da mushe wanda ya koyi aikin, 'yammata su ma a ba su nasu lokaci da nasu fili. Masu zaɓen 'yan wasan ƙasa su riƙa hawowa arewa sau ɗaya a shekara, da agogo da littafi.

6. Kafin a buga gangar kowane biki, a tabbata rumbun tsimi na kowace gunduma cike yake. Wannan shi ne sharaɗin farko. Abin da ya faru a 2005 kada ya sake faruwa da sunan fita kunyar baƙi.

AIKIN RESHE

Ba za mu zauna jiran Yamai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane reshe ya yi waɗannan kafin taro na gaba.

A naɗa mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace, su je wurin mai gari da sarkin samari a tsayar da filin wasa. A yi gayya a cire ƙaya da ƙarangiya, a cike ramuka. Iyayenmu da gayyar samariya suka gina ajujuwa da rumbuna, ba mu fi su rashin hali ba.

A rubuta sunan duk yaro da yarinyar da suka yi fice a gudu, ko kokowa, ko langa, ko ƙwallo, ko tseren raƙumi da doki, da shekarunsa da ƙauyensa. Magatakardan reshe ya ajiye littafin, ya aiko mana da kwafi.

Bayan girbi a shirya karawa tsakanin kasuwa da kasuwa, Bakin Birji ta je Gangara, Tanut ta sauki Balbeji. Mahauta da dillalai da masu motoci su sa abin da ya sawwaƙa, ko buhun gero ne ko ɗan akuya, a ba wanda ya ci. A rubuta abin da kowa ya bayar, a karanta a gaban jama'a, domin mu fara yi wa kanmu abin da muke nema a wurin gwamnati.

A kai buƙatun nan shida wurin magajin gari da hukumar gunduma a rubuce, cikin ladabi, da sa hannun jama'a ko dangwalen yatsa. A karɓo shaidar an miƙa. In wata uku ya wuce ba amsa, a koma, a ƙara yawan masu rakiya.

Dattawan nan biyu kuma da suka daina gaisawa, shugaban reshe ya tara su ya karanta musu wannan takarda. Wanda ya ce mu yi alfahari ya faɗi gaskiya, wanda ya ce a tuna da yunwa shi ma ya faɗi gaskiya. A ba su fartanya ɗaya-ɗaya, su fara share filin.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare samarinmu a gida da daji, ya ɗaukaka Nijar. In ka karanta, ka miƙa wa na kusa da kai.